Ƙarshen Zamani da Tsare Kai Daga Ruɗi: Tambayoyi da Amsoshi Domin Masu Bi da Ke Zaune a Sudan

Tun daga ranar 15 ga Afrilu, 2023, da faɗa ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, 'yan'uwa Kirista masu jin Hausa da ke ƙasar nan, waɗanda da ma ba su da yawa, suka warwatsu. Wasu sun koma gida Najeriya da Nijar, wasu suna Bur Sudan, wasu kuma sun fake a Gadarif da Kasala. A irin wannan hali ne maganar ƙarshen zamani take shiga kunne da sauri, kuma a nan ne masu ruɗi suke samun kasuwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan zuwa gare ni bayan sujada ko ta waya. Wanda ya saba da tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 zai gane cewa Matiyu shi ne Matta, Wahayin Yahaya kuma ita ce Ru'ya ta Yohanna.

Shin wannan yaƙi, da yunwa da kwalara da suka biyo bayansa, alama ce cewa ƙarshen duniya ya zo?

Almajiran Yesu sun yi masa tambaya mai kama da wannan a kan Dutsen Zaitun, kuma yana da kyau a lura da abin da ya fara faɗa musu. Kafin ya ambaci yaƙi ko yunwa ko girgizar ƙasa, sai da ya gargaɗe su kada kowa ya ɓad da su (Matiyu 24:4). Bayan haka ne ya ce za su ji labarin yaƙe-yaƙe da jita-jitarsu, kada hankalinsu ya tashi, domin dole waɗannan su auku, amma ƙarshen tukuna. Ya kira su mafarin naƙuda. Duk matar da ta taɓa haihuwa ta san cewa naƙuda tana tabbatar da haihuwa na tafe, sai dai ba ta faɗa wa ungozoma sa'ar da jaririn zai faɗo.

Ba na raina abin da muka gani. Wanda ya kwana a ƙarƙashin gado a Umdurman yana jin ƙarar harsashi, ko wanda ya gudu zuwa Wad Madani ya sake gudu daga can a Disamba 2023, ba ya bukatar a koya masa ma'anar wahala. Amma masu bi da suka riga mu sun ga irin wannan. A shekara ta 70, rundunar Rum ƙarƙashin Titus ta rushe Urushalima da Haikali, kuma babban ɓangare na abin da Yesu ya faɗa a Matiyu 24, musamman maganar da ya yi cewa ba za a bar dutse a kan dutse ba, ya cika a idon mutanen wannan tsara. A ƙasar nan kanta, masarautun Nubiya sun riƙe addinin Kirista tun daga ƙarni na shida. Soba, babban birnin masarautar Alwa, wanda kufansa ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Hartum, ya faɗi wajen shekara ta 1500. Ba shi da wuya a yi tunanin yadda wanda ya ga an watsar da majami'un Soba zai ɗauka cewa duniya ta zo ƙarshe, amma ga shi an ƙara shekaru fiye da 500. Amsar ita ce yaƙin nan yana cikin irin abubuwan da Ubangiji ya ce za su riƙa faruwa kafin zuwansa, sai dai babu wanda zai iya auna saura kwana nawa da shi.

Mene ne dukan Kirista suka yarda da shi game da ƙarshen zamani?

Abubuwan ba su da yawa, kuma a bayyane suke. Yesu Almasihu zai komo da kansa, a fili, cikin ɗaukaka. Matattu za su tashi. Za a yi shari'a ga rayayyu da matattu. Allah zai yi sabuwar sama da sabuwar ƙasa. Jigon wannan yana cikin shaidar bangaskiya da aka tsara a taron Nikiya a 325 aka kuma kammala a Kustantiniya a 381. Ɗan Katolika, da ɗan Anglikan, da Kibɗawan da muke gani a Hartum, da ɗan ECWA ko COCIN da ya zo daga Jos, duk a kan wannan suke tsaye. Abin da ya wuce wannan, kamar jerin abubuwan da za su faru da tsawon kowannensu, a nan ne malamai masu tsoron Allah suka sha bamban, kuma wanda ya mai da ra'ayinsa a kan irin waɗannan ya zama sharaɗin ceto ya ɗora wa mutane kayan da Allah bai ɗora musu ba.

Wani mai wa'azi ya turo saƙon murya yana cewa ya lissafa shekarar daga littafin Daniyel. Ana iya sanin ranar?

Ba a iya sani. Yesu ya ce wannan rana da wannan sa'a babu wanda ya sani, ko mala'ikun sama, ko Ɗan, sai Uba kaɗai (Matiyu 24:36, Markus 13:32). Da almajirai suka sake tambaya bayan tashinsa daga matattu, ya ce musu sanin lokatai da zamanai ba nasu ba ne (Ayyukan Manzanni 1:7). Akwai masu wayon cewa an hana sanin rana da sa'a ne kawai, ba a hana sanin wata ko shekara ba. Wannan wasa da kalmomi ne, domin ayar Ayyukan Manzanni ta toshe wannan ƙofa.

Tarihi ma ya ishe mu darasi. William Miller, wani manomi mai wa'azi a Amurka, ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14 a matsayin shekaru, ya kai ga cewa Almasihu zai komo tsakanin 1843 da 1844. Mabiyansa suka tsai da ranar 22 ga Oktoba, 1844, wasu suka bar amfanin gona a gona ba su girbe ba, rana ta fito ta faɗi kamar kullum. Harold Camping, mai gidan rediyo a Amurka, ya ambaci 1994, sannan 21 ga Mayu, 2011, sannan 21 ga Oktoba na shekarar, kafin daga baya ya amsa cewa ya yi kuskure. Labarin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Lee Jang Rim a Koriya ta Kudu, wanda ya sanya ranar 28 ga Oktoba, 1992. Mutane suka bar ayyukansu suka miƙa dukiya, sai da hukuma ta kama shi aka tarar yana riƙe da takardun jari waɗanda wa'adin biyansu sai a 1993. Wato shi kansa yana shirin ganin shekara mai zuwa. Idan mai lissafin da ya turo maka saƙo yana karɓar kuɗi, ka tambayi kanka abin da zai yi da su a duniyar da ya ce ta kusa ƙarewa.

An ce Ishaya sura 18 tana magana a kan Sudan. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, kuma abin alfahari ne ga mazauna ƙasar nan. Surar tana magana a kan ƙasar da ke hayin kogunan Kush, wadda wasu fassarori suka kira Habasha, mai aika jakadu cikin jiragen ruwa na iwa, ƙasar dogayen mutane masu sulɓin fata wadda koguna suka ratsa. Kush ta zamanin Ishaya ita ce arewacin Sudan ta yau, da cibiyarta a Nafata kusa da Jabal Barkal, wajen garin Karima. A lokacin sarakunan Kush suna mulkin Masar ma, kuma an ambaci ɗaya daga cikinsu, Tirhaka, da sunansa a 2 Sarakuna 19:9 da Ishaya 37:9. Abin da ke gaban annabin shi ne barazanar Assuriya, da jarabar da ke gaban Yahuza ta dogara ga ƙawance da Kush maimakon dogara ga Ubangiji.

'Yan'uwanmu na Sudan ta Kudu sun daɗe suna karanta wannan sura a matsayin labarin wahalarsu, suna kuma samun ta'aziyya daga aya ta 7, inda mutanen nan suka kawo kyautai ga Ubangiji a Dutsen Sihiyona. Ban ga laifin wannan ba, kuma mutumin nan da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni 8, ma'ajin Kandakatu sarauniya, daga masarautar Marawi ta da ya fito, wadda gine-ginenta masu siffar dala ke nan kusa da Shandi. Inda ake shiga kuskure shi ne a ɗauki aya ɗaya a ce ita ce faɗan da aka yi a gari kaza a watan jiya, ko a ce tana nuna ɓangaren da zai yi nasara. Na ji an yi amfani da surar nan don a nuna cewa Allah ya la'anci mutanen Sudan, alhali ƙarshenta sujada ce.

Yanzu kusan komai da Bankak, manhajar banki ta waya, ake saye. Wannan ba ita ce alamar dabbar nan, 666, ba?

Wannan tambaya ta ƙara yawa tun da aka canja manyan takardun kuɗi a ƙarshen 2024, aka bukaci mutane su zuba tsofaffin a asusun banki. Mu da muka fito daga Najeriya mun taɓa jin irinta a kan BVN da lambar shaidar ɗan ƙasa, aka kuma maimaita ta a kan allurar rigakafin korona. Dalilin tsoron shi ne Wahayin Yahaya 13:16-17, inda aka ce babu mai iya saye ko sayarwa sai mai alamar a hannun dama ko a goshi.

Amma a karanta surar gaba ɗaya. Alamar tana tafiya tare da sujada: waɗanda suka karɓe ta su ne waɗanda suka yi wa dabbar da siffarta sujada (13:15, 14:9), kuma kishiyarta ita ce hatimin Allah a goshin bayinsa (7:3, 14:1). Masu karatu na farko a Asiya Ƙarama sun san wannan matsi, domin ana bukatar a girmama Kaisar kamar abin bauta. Ya fito fili a shekara ta 250, sa'ad da sarki Desiyus ya ba da umarni kowa ya miƙa hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu da dama a Masar, maƙwabciyarmu. Mai bi na wannan lokaci ya san sarai abin da ake nema daga gare shi, wato ya musanci Ubangijinsa. Babu wanda ya karɓi takardar nan bisa kuskure yana sayen gero.

Game da lambar kanta, wanda ya san abajada ya san cewa kowane harafi yana da adadinsa, kuma haka yake a Ibrananci da Girkanci. Malamai da yawa sun nuna cewa sunan Kaisar Niro, idan an rubuta shi da haruffan Ibrananci, yana ba da 666, kuma wasu tsofaffin kwafe suna ɗauke da 616, wanda ya dace da yadda ake furta sunan a Latin. Iraniyos, bishop na Liyon a Faransa ta yau, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 180, ya san da wannan bambanci, ya kuma ƙi ya tsai da suna ɗaya, yana ganin jira ya fi zato aminci. Saboda haka ka biya kuɗin hayarka da waya hankali kwance. Ranar da aka ce ba za ka saya ba sai ka musanci Almasihu, ba za ka bukaci wani ya turo maka bidiyo ya bayyana maka ba.

Maƙwabtanmu Hausawa Musulmi suna maganar Mahadi da Dujal da saukowar Annabi Isa. Koyarwarmu ɗaya ce?

Akwai wurin haɗuwa, akwai kuma wurin rabuwa, kuma ladabi ne a san kowanne. Su da mu duka muna jiran dawowar Isa Almasihu, muna kuma gaskata cewa babban mai ruɗi zai bayyana, za a tashi matattu, za a yi hisabi. Bambancin yana kan ko wane ne Almasihu: a wurinmu wanda zai komo shi ne Ɗan Allah da aka gicciye ya tashi, kuma shi ne alƙalin ranar. Babu Mahadi a koyarwar Kirista.

Ya kamata mu tuna cewa wannan magana tana da nauyi a tarihin maƙwabtanmu. Muhammad Ahmad ya bayyana kansa Mahadi a tsibirin Aba a 1881, ya ci Hartum a 1885. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Mutanen da kakanninsu suka taka wannan tafiya da ƙafa ba a yi musu magana da izgili. Ka saurara, ka faɗi naka cikin tawali'u kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta umarta.

Shi kuwa magabcin Almasihu, wato babban mai ruɗin nan a koyarwarmu, kalmar a wasiƙun Yahaya kaɗai ta fito, kuma can an ce tun a lokacin magabta da yawa sun riga sun zo, alamarsu kuma ita ce musun cewa Yesu shi ne Almasihu da ya zo cikin jiki (1 Yahaya 2:18, 22, 4:3). An liƙa sunan nan wa sarakuna da shugabanni iri-iri a kowane ƙarni, na ƙarnonin baya kuwa duk sun mutu an binne su.

Me ya sa fastocinmu ba su faɗi abu ɗaya a kan fyaucewa da mulkin shekara dubu?

Domin Wahayin Yahaya 20 ta karɓi fassara uku tun da daɗewa. Wasu suna ganin Almasihu zai komo kafin shekara dubun ya yi mulki a duniya. Wasu, bin sawun Agustin na Hifo a Aljeriya ta yau, suna ganin shekara dubun kwatanci ne na dukan zamanin ikkilisiya. Wasu kuma suna sa ran bishara za ta yi rinjaye a duniya kafin ya komo. Koyarwar cewa za a fyauce masu bi a ɓoye kafin shekara bakwai na ƙunci ta yaɗu ne daga John Nelson Darby a shekarun 1830, kuma ta iso arewacin Najeriya ta bakin mishan da yawa, shi ya sa wasunmu suka tashi suna zaton ita kaɗai ce akwai. Bulus ya rubuta 1 Tasalonikawa 4:13-18 ne domin ya ta'azantar da masu makoki, ya kuma rufe da cewa su ƙarfafa juna da waɗannan kalmomi. A tarayya ƙarama irin tamu, inda mutum goma sha biyu ke iya fitowa daga ɗariku biyar, raba kai a kan wannan asara ce.

To, ta yaya zan gane annabin ƙarya?

Littafi Mai Tsarki ya ba da ma'auni fiye da ɗaya. Na farko yana Maimaitawar Shari'a 18:22: idan ya faɗi abu da sunan Ubangiji bai faru ba, Ubangiji bai aiko shi ba. Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila, jama'a suka ji daɗi domin abin da suke so su ji ke nan, amma maganar Irmiya mai ɗaci ce ta tabbata (Irmiya 28). Na roƙe ku, ku riƙa ajiye saƙonnin masu annabcin ranar da yaƙin nan zai ƙare, ku sake saurara bayan wata shida. Na biyu yana Maimaitawar Shari'a sura 13, kuma ya fi na farko tsanani: ko da alamar ta cika, idan yana jan mutane zuwa wani abin bauta, kada a saurare shi. Yesu da kansa ya ce annabawan ƙarya za su nuna manyan alamu da al'ajibai (Matiyu 24:24), saboda haka mu'ujiza ita kaɗai ba hujja ba ce.

Ikkilisiyar farko ta ƙara wani ma'auni mai sauƙi. A wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, na ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, an ce a karɓi baƙon manzo kwana ɗaya ko biyu, amma idan ya kai kwana uku, ko ya nemi kuɗi, annabin ƙarya ne. Mutanen nan ba su da intanet, amma sun san halin ɗan Adam.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne malamin da ke raba mutum da danginsa da ikkilisiyarsa, ya hana tambaya, ya ce shi kaɗai aka buɗe wa asiri. A Kanungu ta Yuganda, wata ƙungiya ta ce duniya za ta ƙare a ƙarshen 1999, mabiya suka sayar da kayansu, da ranar ta wuce suka fara neman a mayar musu. A ranar 17 ga Maris, 2000, aka ƙone ɗaruruwa a cikin ginin sujada, kuma da aka haɗa da gawarwakin da aka tono a wasu gidaje adadin ya haura 700. A dajin Shakahola na Kenya, a 2023, an tono gawarwaki fiye da 400 na mutanen da aka koya wa su ƙi cin abinci domin su sadu da Yesu, cikinsu har da yara. Waɗannan mutane ba wawaye ba ne. Yawancinsu masu neman Allah ne da gaske waɗanda suka daina gwada abin da ake faɗa musu. An yaba wa mutanen Biriya domin sun riƙa bin Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11). Idan an gwada Bulus, babu mai wa'azin Facebook da ya fi ƙarfin gwaji.

Na yi mafarkin ƙarshen duniya har sau uku. In sanar da jama'a?

Ka fara kai shi ga dattawan ikkilisiya. Allah yana iya magana ta mafarki, amma wanda ya kwana da tsoro da yunwa da ƙarar jirgi marar matuƙi a kansa zai yi mafarkin wuta ko ba wahayi. Idan mafarkin ya sa ka tuba ka gyara tsakaninka da wani, ka gode wa Allah. Idan yana ɗauke da rana ko shekara, ka bar shi a inda ka gan shi.

Idan Ubangiji ya kusa, akwai amfanin in ci gaba da sana'a, ko in sa yara makaranta? Guduwa daga yaƙi kuma rashin bangaskiya ne?

A Tasalonika an sami waɗanda suka ajiye aiki suna zaman jiran ranar Ubangiji, Bulus kuwa ya ce wanda ya ƙi aiki kada a ba shi abinci (2 Tasalonikawa 3:10). Irmiya ya rubuta wa 'yan bauta a Babila, baƙi a ƙasar wasu kamar yadda muke, ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin su kuma yi addu'a dominsa (Irmiya 29:5-7). Bawan da aka yaba wa a Matiyu 24:45-46 shi ne wanda maigida ya tarar yana ba mutanen gida abincinsu a kan kari. Tela ya ci gaba da ɗinki, ma'aikaciyar jinya ta je asibiti, mai aikin girbin riɗi a Gadarif ya fita gona.

Guduwa kuwa, Yesu da kansa ya ce waɗanda ke Yahudiya su gudu zuwa duwatsu (Matiyu 24:16), kuma masanin tarihin ikkilisiya Yusibiyos ya ba da labarin cewa masu bi na Urushalima sun fice zuwa Fella a hayin Urdun kafin birnin ya faɗi. Wanda ya ɗauki iyalinsa ya fita daga inda ake luguden wuta ya yi abin da ya kamata, kuma kada wani ya ɗora masa laifi da sunan annabci.

Ƙanwata ta shiga hannun wani mai irin wannan koyarwa, tana tura masa kuɗi, ta daina zuwa sujada. Me zan yi?

Kada ka fara da faɗa ko gori, domin malamin ya riga ya gaya mata cewa danginta za su tsananta mata, kuma duk tsawar da ka yi tabbatar da maganarsa take yi. Ka ci gaba da kiranta, ka tambayi lafiyarta da ta yara, ka bar ƙofa a buɗe. Idan maganar ta taso, ka yi tambaya maimakon hukunci: a wace aya ya samo wannan, mu karanta surar tare daga farko, abin da ya ce zai faru a watan da ya wuce, ya faru, wa yake duba yadda ake kashe kuɗin da ake tura masa. Ka nemi wata dattijuwa daga zumuntar mata wadda take jin nauyinta ta riƙa ziyartarta. Amma idan ka ji an fara maganar dogon azumi ga yara, ko barin shan magani, ko sayar da gida, ko tattaruwa a wani keɓaɓɓen wuri domin jiran ranar, lokacin lallashi ya wuce. A ranar ka sanar da fasto da manyan dangi, a je a ɗauko yaran, idan ta kama kuma a kai maganar ga hukuma.